Rabin Yini a Cape Town: Gonakin Inabi ko Girkin Bo-Kaap, Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk wanda taro ko kwas ko harkar kasuwanci ta taɓa kai shi Cape Town ta Afirka ta Kudu ya san irin wannan rana. An tashi daga zaman safe, ko kuma jirgin komawa gida sai dare, ga awa biyar ko shida a hannunka babu abin yi. Ka sauko wurin karɓar baƙi na otal, ka tarar da takardun talla jere a kan kanta, fiye da rabinsu hoton kofin gilashi ne da tsauni a bayansa: yawon ɗanɗana giyar inabi da abinci, rabin yini, a ɗauke ka a ƙofar otal a dawo da kai. Abokan taro sun riga sun rubuta sunayensu, suna ta cewa ai ba a zuwa garin nan a koma ba a ga gonakin inabi ba. Kai kuwa ba ka sha.

Sau biyu wannan ya same ni. Zuwan farko na bi ayari, don kada a ce na cika ƙauyanci. Zuwa na biyu na sami kwanaki da ɗan dama, sai na gwada sauran hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba zaɓi biyu ne kawai a gaban mutum ba, wato ya je ko ya kwanta a ɗaki. Akwai motar haɗaka zuwa Stellenbosch, akwai ɗan jirgin ƙasa na Franschhoek, akwai Constantia da ke nan kusa, akwai yawon girki na unguwar Bo-Kaap, sannan akwai wanda otal ba ya cika tallatawa, wato ka ɗauki direba naka na kanka.

Kafin mu yi nisa, a warware wata kalma. Mu Hausawa "ruwan inabi" muke cewa, mu bar mai sauraro ya raba da kansa ko mai bugarwa ake nufi ko marar bugarwa. A can babu wannan rufa-rufar. Abin da aka gina yawon nan a kansa giya ce, wadda barasar cikinta kan kai kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. Matsattsen ruwan inabi wanda ba a tsima ba abu ne daban, kuma sai ka nema da bakinka.

Stellenbosch ce aka fi turawa mutane, kuma da dalili. Gwamna Simon van der Stel ne ya kafa garin a 1679, shi ne na biyu a daɗewa cikin garuruwan da Turawa suka kafa a ƙasar, bayan Cape Town kanta. A nan aka buɗe hanyar yawon gonakin inabi ta farko a Afirka ta Kudu, a 1971. A jami'ar garin ne kuma wani malami mai suna Abraham Perold ya auri irin inabi biyu a 1925, ya samar da wanda ake kira Pinotage, da 'yan ƙasar ke tinƙaho da shi. Duk wannan za ka ji shi daga bakin ɗan jagora tun kuna kan hanya. Garin yana da kyau, ba a musu: fararen gidaje irin ginin mutanen Holan, manyan bishiyoyi masu inuwa a gefen titin Dorp, tsaunuka ta ko'ina.

Amma zauna ka yi lissafin lokaci. Tsakanin Cape Town da Stellenbosch kilomita 50 ne, kusan awa guda idan hanya ba ta cushe ba. Motar haɗaka ba kai kaɗai za ta ɗauka ba, sai ta zaga otal huɗu ko biyar, rabin awa ko fiye ya tafi. Ka cire zuwa da dawowa daga awa biyar, abin da ya rage bai fi awa biyu da rabi ba, shi za a raba wa gonaki biyu ko uku, a kuma ba ku minti ashirin ku miƙe ƙafa a cikin gari. Rabin kuɗinka na kallon titi ne ta taga.

Ga yadda zaman yake. Dogon tebur a ƙarƙashin bishiya, kowa an jera masa kofuna biyar a gabansa. Wata yarinya ta zo da kwalba, ta zuba kamar cokali uku a kofin farko, ta ce a juya, a shinshina, a kurɓa, wanda ba ya son haɗiyewa ga ɗan bokiti nan na tofarwa. Ta ce za a ji ƙamshin gwaba da na jiƙaƙƙen dutse. Mutane na ta gyaɗa kai. Ni ina zaune da kofin ruwa, na zama ɗan rakiya. Abincin da aka rubuta a takardar talla kuwa, cuku ne yanka biyar, kowanne bai fi dunƙulen magi ba, sai cakulan kamar kan babban yatsa, sai 'yan yankan busasshen nama. Ba don a ƙoshi aka kawo su ba, don su fito da ɗanɗanon abin da ke cikin kofi ne. Ka cire kofin, ka cire dalilin zuwansu teburin. Kuma kuɗina da na masu sha ɗaya ne, ko sisi ba a rage ba. A gona ta farko da na yi magana, an kawo mini ruwan inabin da suke ba yara, ja da fari, mai sanyi. Gaskiya ya yi daɗi, har na sayi kwalba. A ta biyu babu, sai lemon kwalba aka miƙo mini, irin wanda zan samu a kowane shago a Zariya.

Matsalar ba a kofi kaɗai ta tsaya ba. Katakon da ake jero kayan taɓa ka lashe a kai, sau da yawa akwai siraran yankan naman alade kwance a jikin cukun. Romon da ake zuba wa nama kan zo da jar giya a ciki. Akwai wani kek mai dabino da ake jiƙawa da barandi, akwai cakulan mai barasa a tsakiya. Busasshen naman nan da suke kira biltong, wanda Bahaushe zai gani ya ce ga kilishin Turawa, ya fi kilishi kauri da taushi, babu tunkuza, babu yaji sosai, gishiri ne da ruwan khal da kayan ƙamshi. Ana yin sa da naman sa, da jimina, da namun daji. Tambayar ita ce wa ya yanka. A manyan kantunan Cape Town za ka sami mai hatimin hukumomin tantance halal, MJC ko SANHA, a jikin leda, amma wanda aka zube a faranti a gona ba shi da leda balle hatimi. Haka nan idan aka ce maka akwai giyar da aka cire wa barasa, karanta jikin kwalbar. Da yawansu giya aka fara yi sannan aka zare, kuma za ka ga an rubuta akwai saura har zuwa kashi 0.5.

Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa na zo bayarwa ba. Amma kowa ya san hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma a motar haɗaka babu yadda za ka kauce wa wannan teburin, shi ne tafiyar gaba ɗaya. Gara mutum ya san haka tun yana otal, da ya je yana tsaye a gindin bishiya yana jiran a gama.

Wanda addininsa bai hana shi ba, maganar ta sauya. A gare shi motar haɗaka ta biya kuɗin sabulu, domin ba shi zai yi tuƙi ba, ga kuɗin ɗanɗanon a cikin kuɗin mota. Shawara ɗaya zan ba shi daga abin da na gani da idona: ya zaɓi mai tsayawa a gona biyu, ba uku ba. A gona ta uku babu mai sauraron bayanin gwaba da dutse, hayaniya ce kawai da ɗaukar hoto.

Franschhoek ba zan daɗe a kanta ba. Ta fi Stellenbosch kyau a idona, kwari ne da tsaunuka suka rufe ta gefe uku. Sunan yana nufin lungun Faransawa, saboda 'yan gudun hijirar addini da suka baro Faransa aka ba su filaye a wurin daga 1688. Yanzu garin ya yi suna da gidajen abinci na masu hannu da shuni, da kuma ɗan jirgin ƙasa da aka fara a 2012, mai bi ta cikin gonaki, ka sauka inda kake so ka hau na gaba. Sai dai kilomita 75 ne daga Cape Town, fiye da awa guda kowane ɓangare, kuma jirgin yana da jadawalinsa, yawanci kowace gona awa guda za ta ci maka kafin na gaba ya zo. Abincin rana a gidajen nan shi kaɗai awa biyu ne, kuma sai ka kama wuri tun da wuri. Wannan tafiyar yini guda ce. Wanda ya ce zai cusa ta a rabin yini, garin neman gira zai rasa ido. Ga wanda ba ya sha kuwa, jirgin nan ya fi motar haɗaka takura, musamman na yamma, lokacin da fasinjojin suka riga suka zaga gona huɗu.

Constantia ita ce amsar mai ƙarancin lokaci. Tana bayan Tsaunin Tebur, babban tsaunin da ke tsaye a kan birnin, wajen kilomita 20 daga tsakiyar gari, ƙasa da rabin awa a mota. Ba ka bukatar ɗan jagora ma, Uber ta isa, kuma jar bas ɗin nan mai hawa biyu ta 'yan yawon buɗe ido tana da reshen da ke shiga can. Groot Constantia, wadda van der Stel ɗin nan ya kafa a 1685, ita ce gonar inabi mafi daɗewa a ƙasar. Giyar wannan kwarin ce ake aika wa Napoliyon lokacin da yake tsare a tsibirin Saint Helena. Abin da ya sa na fifita ta ga wanda ba ya sha shi ne, ana iya yini a wurin ba a kusanci teburin ɗanɗano ba. Tsohon gidan maigonar ya zama gidan tarihi, ka shiga ka ga gadaje da akwatuna da tukwanen ƙarni na 18, ka fito ka bi layin inabi da ƙafa, ka hango teku daga nesa. Babu mai ƙirga maka minti.

Kuma akwai abin da takardun talla ba sa faɗa. Bayi ne suka nome waɗannan gonakin, an kwaso su daga Indunusiya, Indiya, Madagaska da gabashin Afirka, har aka soke bauta a 1834. Cikin mutanen da Kamfanin Holan, wato kamfanin kasuwancin da ke mulkin Cape a lokacin, ya koro daga ƙasashensu akwai malamai da 'ya'yan sarauta. Biyu daga cikinsu a Constantia suke kwance: Shehu Abdurrahman Matebe Shah, wanda hubbarensa ke bakin gonar Klein Constantia, da Sayyid Mahmud a wani tudu da ake kira Islam Hill. Daga Sumatra aka kawo su a ƙarshen shekarun 1660. Mutanen Cape kramat suke kiran irin waɗannan hubbaren. Na tsaya a na farkon da la'asar, ɗan ɗaki mai koriyar ƙubba a bakin rafi, ƙamshin turare na fitowa, ga takalma a ƙofa, ga layukan inabi sun kewaye shi. Ban taɓa ganin wurin da tarihin ƙasar nan ya taru a fili ɗaya kamar wannan ba. Idan lokaci ya ragu, lambun Kirstenbosch da aka kafa a 1913 yana kan hanyar komawa.

Raunin Constantia ciki ne. Gidajen abincin da ke gonakin duk suna sayar da giya, kuma maganar nama tana nan yadda take. Ka ci kifi ko ka ci a gari kafin ka taho. Ido ne ke cin riba a nan, ba baki ba.

Idan bakin ne ya kawo ka, to Bo-Kaap. Unguwa ce a gangaren Signal Hill, daga yawancin otal-otal na tsakiyar gari da ƙafa ma za ka isa. Ita ce mai gidajen nan masu fenti kala-kala da kake gani a hotuna, kore, ruwan hoda, shuɗi, ruwan ɗorawa. Mazaunanta na asali jikokin bayin nan ne da korarrun malamai, waɗanda ake kira Cape Malay. A nan masallacin Auwal yake, na farko a Afirka ta Kudu, tun 1794. Limaminsa na farko, Tuan Guru, ɗan sarauta ne daga tsibirin Tidore, ya yi shekara fiye da goma a tsare a tsibirin Robben, inda aka tsare Mandela daga baya, kuma a can ya rubuta Alƙur'ani da ka. Kwafi ɗaya na rubutun hannunsa yana cikin masallacin. Wani abin da zai ba Bahaushe sha'awa: malaman unguwar nan sun rubuta harshen Afrikaans da haruffan Larabci a ƙarni na 19, ajami sak irin namu.

Yawon girkin kala biyu ne. Akwai na zagaye, ku bi shago-shago kuna ɗanɗanawa. Akwai kuma na shiga gida, inda wata uwa za ta karɓe ku a kicin ɗinta ku yi girkin tare, ku zauna ku ci. Na biyun nake ba da shawara. Awa uku zuwa huɗu ne, kuma babu ko minti ɗaya da ya tafi a titi.

Mu shida ne a kicin ɗin da na shiga. An fara kai mu shagon kayan yaji a titin Wale, inda ƙamshin kirfa da kanumfari da citta da kurkum ya sa na ji kamar ina Kasuwar Kurmi. Daga nan sai gidan. Matar, wadda kowa ke kira Anti, ta ɗaura mana ƙyallen girki, ta ajiye wa kowa doguwar fatar fulawa, ta nuna yadda ake naɗe samosa: lanƙwasa ɗaya, lanƙwasa biyu, aljihu ya fito, a cika da niƙaƙƙen nama, a liƙe bakin da ƙullun fulawa. Tawa ta farko ta fito da kusurwa huɗu. Ta ɗaga ta sama ta nuna wa kowa, aka yi dariya, ta ce wannan ni zan ci abina. Sai roti, wanda ake shafa wa mai, a naɗe kamar gammo, a sake murzawa, in ya gasu a tafa shi tsakanin tafin hannu biyu ya yi sala-sala. Sai wani soyayyen ƙulli da suke kira dhaltjie, na garin wake da alayyafo da barkono, wanda duk Bahaushen da ya gani zai ce ƙanen ƙosai ne. Muna cikin haka aka ji ƙarar igwa, wata Baturiya ta zabura. Anti ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce sha biyu ta yi. Igwar tsakar rana ce da ake bugawa daga kan tudun Signal Hill, al'adar da ta samo asali tun 1806.

Abincin nasu yana da yaji amma ba zafi irin namu ba, ƙamshi ne ya fi yawa, kuma suna son haɗa zaƙi da nama. Bobotie niƙaƙƙen nama ne da kori, a zuba ƙwai da madara a sama a gasa, a ci da shinkafa mai kurkum da zabibi. Bredie miyar naman rago ce da aka daɗe ana dafawa, da tumatir ko wani ganye. Denningvleis naman rago ne da tsamiya, kuma shi ya fi kwanta mini, ɗanɗanon tsamiyar nan ya kai ni gida. Ranar Lahadi da safe kuwa ta koesister ce, wani irin fanke mai kirfa da citta da ake tsomawa a ruwan sukari a barbaɗe da kwakwa. Kada ka rikita shi da koeksister na Turawan ƙasar, wanda ake kitsawa kamar gashi, mai ƙaras-ƙaras da zaƙi kamar ya cire haƙori. Idan zuwanka ya faɗa a azumi, daren sha biyar ana yin boeber, kunun madara da siririyar taliya da kayan ƙamshi, alamar an raba wata biyu.

A nan babu tambayar wa ya yanka, babu leƙen ƙarƙashin cuku. Aka yi kiran azahar, na ajiye cokali na tafi masallaci na dawo, ba wanda ya kalle ni. Na tashi a ƙoshe, abin da ban samu a Stellenbosch ba.

To me za ka rasa? Tsaunuka da gonaki, wato ainihin abin da ke jikin takardar talla. Bo-Kaap cikin gari ce, titunan duwatsu ne masu hawa, mai ciwon gwiwa zai ji a jikinsa. Ranar Juma'a da rana shaguna da yawa a rufe suke. Sannan unguwar ta gaji da baƙi: motocin 'yan yawo na sauke mutane suna hawa dakalin gidajen jama'a suna hoto kamar ba kowa a ciki, masu kuɗi na saye gidaje, haraji na tashi, 'yan asali na ficewa. Sai da mazauna suka yi ta fafutuka kafin a ba unguwar kariyar kayan tarihi a 2019. Don haka ka nemi yawon da ɗan unguwa ko 'yar unguwa ke jagoranta, kuɗin ya shiga hannun masu wurin. Kuma ka yi sallama kafin ka ɗaga waya. Za a amsa maka.

Saura wanda ke son duka biyun, tsaunin da kuma abin kai wa baki, ba tare da teburin kofuna ba. Nan ne direba na kanka ya shigo. Cape Town cike take da direbobi da 'yan jagora Musulmi, da yawa ma suna tallata yawon da babu giya a ciki. Idan kai kaɗai ne, da tsada. Idan kun kai uku ko huɗu, kuka raba, ba zai yi nisa da kuɗin motar haɗaka ba, kuma kun tsira daga zagayen otal.

Hanya biyu na gwada. Ta farko ta babban titin N2: a tsaya a Macassar, inda hubbaren Shehu Yusuf yake, malamin da aka koro zuwa Cape a 1694 ya rasu a 1699, wanda ake ɗauka uban Musulunci a ƙasar. Daga nan Somerset West, gonar Vergelegen ta 1700, mai manyan bishiyoyin kafur guda biyar da suka haura shekara 300, kowacce sai mutum da yawa sun haɗa hannu kafin su zagaye ta. Maƙwabciyarta Morgenster ta yi suna da man zaitun, kuma ana ɗanɗana shi kamar yadda ake yi wa giya: a zuba a ɗan kofi, ka dumama shi a tafin hannu, ka shinshina, ka kurɓa. Mai kyau yana da ɗan ɗaci, sannan ya kama maƙogwaro kamar masoro har ka yi tari. Mu da muka saba ganin man zaitun a ƙaramar kwalba a kantin maganin Musulunci, wannan darasi ne. Hanya ta biyu ta N1 ce, wajen Paarl: Fairview, mai hasumiyar da awaki ke hawa, inda za ka iya sayen cuku iri-iri ka ɗanɗana shi kaɗai, sai Babylonstoren, mai lambun da ya haura hekta uku da tsirrai masu ciyuwa fiye da iri 300. Mai sha'awar noma, ko wanda ke da 'yar gona a gida, a nan zai manta da agogo. Ta N2 ta fi tarihi, ta N1 ta fi abin ci.

Sai dai a faɗi gaskiya, duk waɗannan gonakin giya suke yi, kuma kuɗin shigarka cikin asusunsu zai faɗa. Ka kauce wa teburin, ba ka kauce wa gidan ba. Wanda wannan ma ya dame shi, Bo-Kaap ce tasa, ya huta.

Akwai wata tambaya da nake gwada ɗan jagora da ita, ko na haɗaka ko na kaina: yaya ake biyan leburorin gonakin nan a da? Shekaru aru-aru wani ɓangare na ladansu giya ce, tsarin da ake kira dop. An haramta shi a farkon shekarun 1960 amma bai mutu ba sai wajen shekarun 1990, kuma ɓarnar da ya bari ta shaye-shaye tana nan a ƙauyukan yankin. Wanda ya amsa maka kai tsaye, ya san aikinsa. Wanda ya yi murmushi ya nuna maka tsauni, direba ne kawai.

Lokacin shekara ma yana sauya lissafin. Yanayinsu kishiyar na Turai ne. Daga Disamba zuwa Maris zafi ne da rana mai tsawo, magariba kan kai wajen ƙarfe takwas a tsakiyar lokacin, kuma a Fabrairu da Maris ake girbi, za ka ga inabi a jikin itace da taraktoci cike da kwanduna. Daga Yuni zuwa Agusta sanyi ne da ruwan sama, itacen inabin duk sun kaɗe, saura ƙirare a jere. A irin wannan lokacin biyan kuɗi don kallon gona asara ce, kicin mai ɗumi ya fi. Idan azahar ta riske ka a Stellenbosch, akwai masallaci a titin Banhoek, amma motar haɗaka ba za ta jira ka ba.

Kafin ka biya ko wanne, kira su ka yi tambaya da baki, kada ka dogara da takarda. Mutum nawa ne a motar? Gona nawa, minti nawa a kowacce? Abincin na ƙoshi ne ko na lasa? Akwai ragi ga wanda ba ya sha, kuma me za a ba shi a madadin? Wasu suna ragewa idan an tambaya, ba sa faɗa idan ba a tambaya ba. Ka kuma tanadi ɗan abin hasafi, a gidajen abinci kashi goma cikin ɗari aka saba bari.

Ni dai idan aka sake ba ni awa biyar a garin nan ni kaɗai, Bo-Kaap zan koma, har yanzu ina bin samosar nan bashin kusurwa uku. Idan muna da yawa kuma lokacin girbi ne, direba ta N2. Idan kuma ranar tafiya ce, jirgi da dare, to a saka akwatuna a bayan mota tun daga otal: filin jirgin yana kan N2 ɗin, tsakanin Somerset West da gari, ba sai an sake shiga cunkoson yamma na tsakiyar birni ba. Man zaitun ɗin da ka saya kuma ka tura shi cikin babban akwati, a naɗe da riga, don ba za a bar ka ka shiga jirgi da shi a jakar hannu ba.